Mai Sikeli da Ramuka Arba'in da Biyu

A layinsu ba wanda yake kiranta da sunan yanka. 'Ya'yanta Mama suke ce mata, ƙaninta ya ce Yaya, sauran jama'a kuwa, daga mai kanti har mai gyaran famfo, Mai Sikeli suka sani. Baƙi kan ɗauka a kasuwa ta yi awo. Ko kusa. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a wani ɗakin gwajin ma'adinai da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda kamfanonin haƙa suke aiko da duwatsu cikin buhuna don a gaya musu ko akwai abin kirki a ciki.

Da wankin kasake ta fara, tana 'yar shekara goma sha tara. Mahaifinta ya so ta zama nas, amma ranar farko da ta ga ana ɗinke wa wani mutum ƙafa ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka bar mai ƙafar aka koma kanta. Wani maƙwabcinsu da ke gadin ɗakin gwajin ne ya sama mata aikin wanke-wanke. Tsohon da ke kula da tanderu a lokacin ya lura hannunta ba ya rawa, kuma ba ta da garaje, sai ya fara koya mata aikin. A niƙe dutse ya zama gari, a gauraya shi da dalma, a zuba a ƙaramin kasko a tura cikin wuta. Dalmar ta narke ta kwashe duk zinariya da azurfar da ke ciki. A sake ƙonawa har dalmar ta tafi, a bar wani ɗan ɗigo mai walƙiya da bai kai kan allura ba. Wannan ɗigon take ɗauka da hantsaki ta ɗora a kan sikelin da ke cikin akwatin gilashi, ta riƙe numfashi, don numfashi ma yana iya karkatar da shi. Abin da ta rubuta a takarda shi yake sa wani mai kuɗi can nesa ya yi dariya ko ya dafe kai, ko da yake ita ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ta auri direban bas, mutum mai barkwanci, wanda yakan ce a duniya shi kaɗai ne ake zuba wa sukari a shayi ƙwaya-ƙwaya. Suka haifi 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu. Ya rasu tana saura shekara shida ta bar aiki.

A shekararta ta goma sha shida a wurin wani abu ya faru da ya sauya ta. Wani kamfani ya aiko da buhuna talatin, kuma duk buhun da ta gwada sai ya ba da zinariya mai kyau. Kyan ya yi yawa har ya dame ta. Ta ɗebi ragowar garin ta wanke shi a faranti, ta kai abin da ya kwanta ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Zinariyar da ta fito daga cikin dutse ta san kamanninta, gudaji ne marasa siffa. Wannan kuwa siraran ɓarɓashi ne a nannaɗe, kamar farcen da aka kankare, launinsu yana ja-ja saboda jan ƙarfen da ke ciki. Wani ya sa magagari ya goge zobe ko awarwaro ya barbaɗa a buhunan.

Ta je ta sami manaja. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Akwai zinariya a buhun ko babu?"

"Akwai, amma..."

"To aikinmu ke nan. Mu auna abin da aka kawo mana. Ba a ɗauke mu aikin ɗan sanda ba. Sa hannu."

Ta sa hannu, amma ta ƙara layi ɗaya da biro a ƙasan takardar, ta rubuta abin da ta gani. Washegari aka sake buga takardar, wani ya sa hannu, ita kuma aka mai da ta sito, tana tsaron kasake da buhunan dalma. Shekara huɗu ta yi a can, sai da aka sauya manaja aka dawo da ita kan sikelinta. Abin da ya fi cin ranta shi ne har ta bar aiki ba ta ji yadda aka ƙare da kamfanin nan ba. Ba wanda ya zo ya ce mata ta yi gaskiya, ba wanda ya ce ta yi kuskure. Maganar ta bi iska kawai.

Tun daga lokacin ta zama mace mai wuyar yarda. In ta sayo shinkafa sai ta sake aunawa a gida. In aka ce mata an gaishe ta, sai ta tambayi dalili. 'Yarta takan ce, "Mama, ke ko mala'ika ne ya kawo miki saƙo sai kin nemi ganin katinsa."

Bayan ta yi ritaya, ƙaninta, wanda take kira Auta duk da furfurarsa, shi ma ya ajiye aikin hedimasta ya karɓi kuɗin sallama. Zaman banza bai karɓe shi ba. Ya haɗa kai da wani amininsa mai kantin magani, da kowa ke ce wa Mai Kemis, da kuma mijin 'yarta, da ake kira Injiniya ko da yake janareto kawai yake sayarwa yana gyarawa. Su uku suka shiga sayen hannun jari ta waya, kuma ba na manyan kamfanoni ba. Na ƙananan kamfanonin neman zinariya da azurfa, irin waɗanda ba su taɓa haƙo ko cokali ɗaya sun sayar ba, sai fili da takardu da alkawari. Hannun jari ɗaya bai kai kuɗin ashana ba, shi ya sa mutum zai sayi dubbai ya ji kamar ya mallaki dutse guda.

Matar Auta ta kore su daga gidanta saboda hayaniya, suka dawo falon Mai Sikeli, don tana da babban tebur kuma ita kaɗai ce a gida. Duk ranar Asabar da yamma za su baje takardu, kowa da wayarsa, a yi ta musu. Ita nata ta dafa shayi ta ajiye musu, ta koma kujerarta ta bakin taga tana gyaran wuyan riga.

A lokacin kamfani biyu ne ake ja a kansu. Ɗaya na zinariya ne, suna ce masa Tauraro saboda tambarinsa. Ɗaya kuma na azurfa ne, da ke son farfaɗo da wata mahaƙa da aka rufe tun da daɗewa, suna ce masa Tsohon Rami.

"Ni ku bar ni da azurfa," in ji Auta. "Aƙalla an taɓa samun wani abu a wurin. Ramin yana nan, ana ganinsa."

"Hedimasta, ramin da masu shi suka gudu suka bari?" Mai Kemis ya ce yana dariya. "In da akwai daɗi a ciki za su tafi? Wannan kamar mutum ya sayi kwalbar maganin da aka shanye ne, wai don da can ya yi aiki."

"Azurfa ta talaka ce, Kawu," in ji Injiniya. "Kafin ta tashi taku ɗaya, zinariya ta yi biyar. Kuma shugaban Tauraro ba yaro ba ne, ka ga hirar da aka yi da shi? Mutum ne mai natsuwa."

"Natsuwa ai ko ɓarawo yana da ita kafin ya haura katanga," in ji Auta.

Haka suka yi Asabar uku. Ita dai tana ta ɗinkinta, don a ganinta duk wasan yara ne. A ta huɗu ne Mai Kemis ya zo da rahoton Tauraro, an buga shi a takarda mai sheƙi, ya gyara tabarau ya fara karanta sakamakon ramukan gwaji da ƙarfi, yana buga tebur bayan kowanne.

"Rami na ɗaya, giram huɗu da ɗigo biyu a kowane tan. Na biyu, huɗu da ɗigo ɗaya. Na uku, huɗu da ɗigo huɗu. Na huɗu, uku da ɗigo tara. Jama'a, rami arba'in da biyu, ko ɗaya bai fito wayam ba!"

Allurar da ke hannunta ta tsaya. Ta ce, "Ko ɗaya?"

Suka waiwayo gaba ɗaya, kamar kujerar ce ta yi magana.

"Ko ɗaya, Yaya," in ji Auta.

"Miƙo min."

Ba ta kalli hotunan ba, ba ta kalli fuskar shugaban da ke murmushi cikin hular kwano ba. Ta wuce kai tsaye shafukan ƙarshe, inda rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa. Ta daɗe tana bi da yatsa. Shayinsu ya huce suna jira.

"Ƙasa ba ta iya rabo daidai ba," ta ce daga bisani. "Na auna dutse fiye da yadda zan iya tunawa. Wannan rami ya ba ka ashirin, na gefensa da taku goma ya ba ka sifiri. Haka take. In ka ga kowane rami ya sami rabonsa kamar an raba wa yara alewa, to hannun mutum ne ya raba."

"Wataƙila wurin ne Allah ya yi wa albarka," in ji Mai Kemis.

"Wataƙila. Amma duba nan. In an zaro dutse daga rami, dogo ne kamar taɓarya. Masu gaskiya sukan tsaga shi biyu, su aika rabi gwaji, su ajiye rabi don duk mai shakka ya zo ya sake gwadawa. Waɗannan sun ce duka suka niƙe, wai don sakamako ya fi inganci. Ba su bar komai ba. Sannan nan sun ce buhunan suna yin mako uku a sitonsu kafin a kai ɗakin gwaji, wai don su bushe. Dutse ne fa, ba wanki ba. Wa yake riƙe da makullin siton?"

Injiniya ya sunkuyar da kai, don bai saba musu da surukarsa ba, ya ce cikin ladabi, "Mama, ai yanzu zamani ya canza. Akwai hukumomi masu sa ido. Ba kamar lokacinku ba ne."

"Magagari bai canza ba."

Auta ya sosa ƙeya. "To Yaya, in zuba a Tsohon Rami ke nan?"

Ta karɓi nasu rahoton ta duba. Ramuka goma sha tara, bakwai babu komai, biyu masu kyau, sauran sama-sama. "Waɗannan ban ga sun yi ƙarya ba," ta ce. "Sai dai gaskiyar da suka faɗa ita ce ba su da abin a zo a gani. Ni ban ce ka sayi kowa ba."

Mai Kemis ya naɗe takardarsa ya soka a aljihu. Da suka fita ta ji muryarsa ta taga yana ce wa Auta ƙasa-ƙasa, "Ka tabbata yayarka ba ta da wani a ciki? Mutanen nan na ɗakin gwaji duk sun san juna. Sai su kushe abu farashi ya faɗi, su zagaya su saya." Ba ta ji amsar Auta ba, kuma rashin jin ya tsaya mata a rai kwana biyu.

Duk su ukun suka sayi Tauraro. Auta ya zuba kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallamarsa, ya ɗan tsoma kaɗan a Tsohon Rami don kada a ce ya janye maganarsa.

Sai farashin Tauraro ya kama hawa. Cikin wata biyu ya ninka. Kafin wata na bakwai ya ninka huɗu. Asabar ta zama ranar tsokana. Mai Kemis yakan shigo ya ɗaga kofinsa ya ce, "Mai Sikeli, a duba min shayin nan, kada a ce an barbaɗa masa zobe." Auta ya sayo mata sabuwar fanka, ya ce ribar magagari ce. Ta yi godiya ta ajiye ta a kwali.

A fili ba ta nuna komai ba, amma a ciki abin yana cinta. Da hantsi, in ta gama shara, sai ta ɗauko rahoton da Auta ya manta a kan tebur ta sake karantawa. Ba kuɗin ne ya dame ta ba. Wata tambaya ce da ta daɗe da binnewa ta taso mata: in a wannan ta yi kuskure, wa ya ce a wancan ma ba kuskure ta yi ba? Wataƙila idonta ne ya yaudare ta a ƙarƙashin madubin nan. Wataƙila shekara huɗun da ta yi a sito, da ƙarin girman da ya wuce ta, da kallon da abokan aiki suka riƙa yi mata, duk a banza ne. 'Yarta ta zo wata rana ta same ta da takardar a cinya, ta ce, "Mama, don Allah ki bar mutane su ci arzikinsu. Ba kowa ne macuci ba." Ta ninke takardar ta ajiye.

Daga ƙarshe ta kira Auta shi kaɗai. "Kai mai hannun jari ne, kana da ikon tambaya. Zan faɗa, ka rubuta da sunanka." Tambaya uku ce: wa ke riƙe da makullin sito, me ya sa ba a ajiye rabin dutsen ba, kuma ko wani ɗakin gwaji na daban ya taɓa ɗebo samfuri da hannunsa daga wurin. Auta ya yi ta gunaguni, amma ya gyara mata jimlolin irin na hedimasta ya aika.

Bayan mako biyu amsa ta zo: wasiƙar godiya da kalanda mai hoton tudu. Mai Kemis ya yi dariya har da hawaye. Amma kwana uku bayan haka, ranar Talata da safe, sai ga Auta ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya zauna a hannun kujera.

"Yaya, sun kira ni."

"Su wa?"

"Wani daga kamfanin. Mutum mai ladabi, har da tambayar iyali. Minti goma sha biyar muna magana. Bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin ba. Sau uku yana tambayata wai wa ya taimaka min na rubuta, kuma a ina mutumin yake aiki."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ni malamin makaranta ne, na iya tambaya." Ya share goshi. "Shekara talatin ina hukunta yara. Yaron da ka tambaye shi ina littafinsa, ya ce maka wa ya kawo ƙararsa, to ka san babu littafin."

A ranar ya sayar da rabin nasa. Ranar Asabar ya faɗa wa sauran duk yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Mai Kemis ya ce tsoro ne irin na 'yan fansho, shi kam ƙarawa zai yi, kuma ya ƙara, har da kuɗin da ya ware don cika kanti da kaya. Ya juya ya ce, "Injiniya, kai fa?" Injiniya ya juya cokali a kofi ya ce shi dai bai ga wata matsala ba, manyan kamfanoni haka suke, ba sa son yawan tambaya. Mai Sikeli ta lura bai kalli kowa ba da yake maganar, amma ta ɗauka kunyar suruka ce.

Wata biyu bayan nan aka sanar cewa wani babban kamfani yana son sayen filin Tauraro, kuma zai turo nasa ma'aikatan su haƙa ramuka shida a gefen na da. Farashi ya sake tsalle. Aka ce sakamako zai fito ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo aka ɗaga. Aka sake ɗagawa. Sannan wata Litinin aka dakatar da cinikin hannun jarin gaba ɗaya. Babban kamfanin ya fitar da layi biyu, ya ce ya janye, bai faɗi dalili ba. Tauraro kuma ya ce ruwan sama ya rusa rufin sitonsa, takardu da yawa sun lalace. Da aka sake buɗe ciniki, abin da ya kai kuɗin buhun shinkafa jiya bai kai kuɗin ledar da za a zuba ta ba. Ba a kama kowa ba. Bayan wasu watanni kamfanin ya sauya suna, ya ce yanzu wani ma'adini daban yake nema a wani wuri daban.

Ta zaci za ta ji daɗi, ko da kaɗan ne. Ba ta ji ba. A wannan karon ma ba wanda ya fito ya ce an barbaɗa wani abu a buhu. An dai ce rufi ya faɗi.

Auta bai yi asara ba, rabin da ya sayar ya rufe rabin da ya nutse har da rara. Mai Kemis kuwa kantocinsa suka yi wayam, sai maganin ciwon kai da auduga. Ana cikin jajanta masa sai ga Injiniya da sabuwar motar ɗaukar kaya, fara fes, an rubuta sunan shagonsa a jiki. Mai Kemis bai yi wata-wata ba ya bi diddigi wurin dillalin da suke amfani da shi su duka, ya yi ta bugun cikinsa har ya gane cewa Injiniya ya sayar da nasa kaf tun ranar Alhamis ɗin makon da aka kira Auta, kwana biyu kafin ya zauna a falon nan ya ce bai ga matsala ba.

Da rana tsaka ya zo ƙofar gidanta, ya ƙi shiga. "Na gane yanzu," ya ce. "Abin na dangi ne. Kin fitar da ƙaninki, kin fitar da surukinki, ni bare aka bar ni riƙe da buhun."

"A gabanka na faɗa, Mai Kemis. Kai ka fi kowa dariya."

"A gabana kin faɗi ɗaya. A bayana Allah kaɗai ya san nawa kika faɗa."

Ya juya ya tafi. Maƙwabta biyu suna tsaye suna ji.

Ta aika a kira mata Injiniya. Ya zo da yamma, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kan darduma kamar yadda ya saba, ya gaishe ta. Ba ta kawo shayi ba.

"Yaushe ka daina yarda da kamfanin nan?"

Ya ce, "Mama, gaskiya tun ranar da kika karanta takardar. Na san ba kya faɗin abin da ba ki gani ba."

"Ka san ƙarya ce, ka saya?"

"Ƙarya ma tana hawa kafin ta faɗo, Mama. Abin da mutum yake bukata kawai ya san lokacin sauka. Da Kawu ya kira ni a waya ya ce sun fara neman wanda ya rubuta wasiƙa, na san lokaci ya yi."

"Ka kuma zauna a kan teburina ka ce wa bawan Allah ba ka ga matsala ba."

"Ban ce ya ƙara ba. Shi ya ƙara da kansa. In da na ce na sayar, zai bi gari yana faɗa, kuma..." Ya tsaya.

"Kuma wa ya sayi naka?"

"Ai ba a sani, Mama. Ta waya ne."

"Wani ne ya saya. Wani mai furfura ne da kuɗin sallamarsa, ko wani mai kanti." Ta dube shi, mutumin da ta ba 'yarta, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, wanda duk wata yake zuwa ya duba mata janareto kyauta. Cikin su ukun shi kaɗai ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ga abin da ya yi da yardar. Duk bincikenta na buhu da sito, ba ta taɓa kawo shi a ranta ba. Ta ce, "Tashi ka je. Ka gaida yara. Takarda kuma kada a sake shigo min da ita gidan nan."

Zaman Asabar ya mutu daga ranar. 'Yarta ta yi fushi na wata guda, tana cewa mijinta bai saci na kowa ba, sannan ta sauko. Sau biyu tana zuwa da ambulan, wai wata ƙawarta ce take son a duba mata wani rahoto. Mai Sikeli ta juya ambulan ɗin ta ga ɗan tabon baƙin man janareto a gefensa, ta mayar mata ba ta buɗe ba. Injiniya bai fasa zuwa duba janareto ba, ita ma ba ta fasa amsa gaisuwarsa ba, sai dai hirar ba ta wuce lafiyar yara. Auta yana nan da 'yan hannun jarinsa na Tsohon Rami, ba su hau ba, ba su faɗi ba, yakan ce sun yi ritaya tare da shi.

Mai Kemis ya fi shekara ba ya gaishe ta. Ta koma sayen maganin hawan jininta a wani kanti mai nisa, tana hawa mota biyu. A hankali kantinsa ya sake cika, ta gani in ta wuce ta tsallaken titi.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida aka yi sallama. Shi ne, ya rame kaɗan, da takardu naɗe a hannu. Suka gaisa a tsaye, gaisuwa mai tsawo, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Can ya miƙo takardun.

"Wani kamfani ne na azurfa. Mu tara ne yanzu, a bayan kantina muke zama. Ban sa ko sisi ba tukuna. Na ce sai kin gani."

Ba ta karɓa ba. "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Wallahi ba kowa."

"Su sauran takwas ɗin sun san ka zo nan?"

"A'a."

"To ga sharaɗina. Zan duba. Amma abin da na gani ba kai kaɗai zan faɗa wa ba. Ka tara su duka, in faɗa sau ɗaya kowa ya ji da kunnensa, wanda zai saya ya saya, wanda zai gudu ya gudu. Kuma kafin in buɗe baki, kowa zai faɗi abin da yake riƙe da shi a gaban kowa."

"Wasu ba za su yarda ba."

"To ka san waɗanda za ka sa wa ido ke nan."

Ya tsaya yana juya maganar, sannan ya ce ranar Laraba da ƙarfe huɗu. Ta goge hannunta a zani ta karɓi takardun.

Ranar Laraba ta je. Cikin tara, shida ne suka zo. Aka ba ta kujerar roba tsakanin kwalayen magani, ta yi musu bayani na minti ashirin, ta ce kamfanin bai yi mata kama da na macuta ba, amma hanyar da za a fitar da dutsen daga wurin ta fi azurfar tsada. Biyu suka yi mata musu, ɗaya ya tambaye ta ko nawa aka biya ta. Mai Kemis da kansa ya ce masa ya iya bakinsa. Da za ta tafi ya sa mata maganinta na wata guda a leda, ta ce sai ta biya, suka yi ta ja, daga ƙarshe ta biya rabi. Tun daga nan duk bayan wata biyu ko uku yakan aiko a gaya mata akwai takarda, in tana da hali ta je, in ba ta da shi su jira.